Gaisuwar Masu Ƙofar Ruwa

Na shiga shirin binciken nan ne saboda ni ɗan Talata Mafara ne. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa ƙwazona aka duba, har ni ma na kusa yarda. Abin da ya faru shi ne, Farfesa ya tare ni a barandar sashenmu na injiniyan lantarki, lokacin ina ƙaramin malami mai tsaron ɗalibai a ɗakin gwaji, ya tambaye ni garinmu. Da na faɗa masa sai ya ce, "Shi ke nan, an huta da neman masauki." Washegari aka ce ina cikin ma'aikatan shirin.

Shirin na haɗin gwiwa ne tsakanin jami'armu da wani kamfani mai ƙera rediyon oba-oba, irin wanda ake danna maɓalli a yi magana, a saki a saurara. An gama dam ɗin Bakolori, ruwa ya taru ya zama tafki, an yanka magudanai tun daga wajen Maradun har cikin gonakin Bakura. Kowace babbar mararraba tana da ƙofar ƙarfe da mai gadinta. Ofishin ruwa yana so ya riƙa ce wa mai gadi ya buɗe ko ya rufe ba sai an tura mota ba. Kamfani ya kawo rediyoyin, amma ba wanda ya san yadda sigina ke tafiya a kan ruwa mai faɗi haka da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Su mutanen kamfani suna son sanin inda za su kafa eriya don kayansu su sami kasuwa, shi kuma Farfesa yana son abin da zai karanta a taron masana. Ni aka ba ni babur.

Wurin aikina wani ɗan ɗaki ne a jikin ofishin ruwa, a bayan gari. A ciki akwai na'ura mai allurar tawada da naɗin takarda da ke tafiya a hankali dare da rana. Duk lokacin da wani ya danna maɓalli a wata ƙofa, allurar sai ta ɗaga daidai ƙarfin siginar da ta iso. Ƙofar kusa tana ɗaga ta sama sosai, ta nesa kuma da ƙyar take motsa ta. Ban daɗe ba na san kowace ƙofa da tsawon layinta, yadda mai kiwo ke sanin shanunsa daga nesa. Na'urar ba ta ɗaukar magana. Akwai dai lasifika a gefe wadda za a iya jin kowa da ita, amma a kashe nake barin ta, don ƙararta tana sa ni ciwon kai.

Ɗaya daga cikin masu gadin nan kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ƙauyensu yana ƙarƙashin tafkin. Abubuwan da suka faru a shekarun da aka tashi mutane daga gonakinsu, waɗanda suka gani da ido sun fi ni sani, ina makaranta a lokacin. Abin da na tarar shi ne mutanen ƙauyen sun watse, wasu sun nufi wajen Gidan Goga, wasu Kaya, wasu Damri. Wasu dattawansu, waɗanda ƙarfin sabon saran daji ya wuce su, an lallashe su da aikin gadin ƙofa. Ƙofar Kawu tana can ƙasa ta wajen Bakura, da 'yar bukkar kwano a gindin gawo. A nan yake kwana, iyalinsa suna Damri.

Tun makon farko na lura da cewa kullum da safe nakan tarar da takardar cike da dogayen layuka, ƙofa bayan ƙofa, tun kafin akawun ofis ya iso. Na ɗauka wata matsala ce ta shiga na'urar. Na kwance ta na mayar, ban ga komai ba. Rannan da na fito daga masallaci da asuba sai na wuce ɗakin kai tsaye, na kunna lasifika. Muryar da na fara ji ta ladanin tsohon ƙauyen ce.

"Salamu alaikum. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina sanyi? Ina iyali, an ji labarinsu? Wanzami, ina ƙoƙari? Maƙeri, ranka shi daɗe, ina ƙarhin jiki?"

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da za a tambaye shi. Kawu aka tambaye shi gwiwarsa, wadda ta daɗe tana damunsa. Da ladan ya gama ya ce "oba", kamar yadda mai horar da su ya koya musu, na gaba ya ɗauka, ya amsa, shi ma ya bi kowa.

Mahaifiyata ce ta yi mini bayani da na koma gida. A ƙauyensu, in an idar da sallar asuba, dattawan nan kan zauna a dakalin ƙofar masallaci su gaisa bi da bi. Ladan ne ke farawa saboda shi ne ƙaraminsu, a hau sama bisa shekaru, Kawu, sai wanzami, sai tsohon maƙeri wanda ke rufewa da addu'a. Ba mai shiga gaban wani. In mai bi bai fito ba, a zaune za a yi ta jira, ko a aika a dubo shi. Ruwa ya ci masallacin da dakalin, sai ga gwamnati da kanta ta miƙa wa kowannensu rediyo. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina na ci gaba da zuwa sauraro, kuma ba ranar da ban yi dariya ba in maƙeri ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi ba mu wuni lahiya, oba."

Da na kai wa Farfesa naɗin farko ya shimfiɗa shi a tebur, murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce ko kuɗi aka biya ba za a sami gwaji irin wannan ba: kowace ƙofa, lokaci ɗaya kullum, kuma kowa ya riƙe maɓalli har allura ta zauna daram. Daga gaisuwar nan ya gano cewa da sanyin safiya, lokacin da tururi ke kwance a kan tafki, sigina tana yin nisa fiye da yadda lissafi ya nuna, in rana ta take kuma sai ta ja baya. Bai taɓa tambayar abin da dattawan ke cewa ba. Da na fara ba shi labarin dakalin masallaci ya saurara da rabin kunne, ya ce in tabbatar tawada ba ta ƙare ba.

Injiniyan kamfanin wani dogon Bature ne mai ladabi, wanda rana ta mayar da wuyansa ja wur. Shi abin bai ba shi dariya ba. Rediyoyin da batirin mota suke aiki, Landiroba ke zagayawa ta karɓi waɗanda suka yi sanyi ta ajiye masu caji, kuma gaisuwa tana shanye batir tun kafin motar ta dawo. In rediyo ya mutu a daji, mutane ba gaisuwa za su zarga ba, cewa za su yi kayan kamfani ba su da kyau. Ya yi wa dattawan magana, ni ina tafinta. Suka saurare shi da kyau, suka yi masa godiya, suka tambaye shi lafiyar iyalinsa a Turai. Washegari layukan ba su ragu da ko taƙi ɗaya ba.

Sai wata safiya gaɓar wata ƙaramar magudana ta ɓalle. Wani manomi ya sheƙo a keke ya faɗa wa akawu, wanda aka yi sa'a ya zo da wuri ranar. Akawu ya ɗauki rediyo zai ce a rufe ƙofar sama, ya tarar maƙeri yana tsakiyar addu'a. Tashar guda ɗaya ce, in wani ya riƙe ta ba mai shiga. Kafin a ce amin ruwa ya kwanta a fangalin albasar mutumin. Bayan kwanaki ya zo da buhu a ka, ya zazzage ruɓaɓɓiyar albasa a ƙofar ofis, ya juya. Warinta ya daɗe a wurin. Tun daga ranar na san Baturen yana da hujja, ko da ban so ba.

Aka kira taro a ɗakin shugaban ofis. Kamfani ya kawo shawara: a saka wani ɗan allo a cikin kowane rediyo, wanda zai yanke magana in ta ɗan yi tsawo, ya kuma toshe lasifikar mai gadi ta yadda ba zai ji kowa ba sai ofis. Farfesa ya yi ta jayayya, jijiyar wuyansa a tashe, amma layukansa yake karewa. Ni na yi magana sau ɗaya. Na ce ko za a bar musu ɗan lokaci bayan asuba, sannan allon ya fara aiki? Baturen ya dube ni da tausayi ya ce allon ba shi da agogo. Shugaban ofis ya ce albasar mutane ta fi gaisuwa. Aka miƙo mini kwalin allunan da sukurdireba, tunda ni ke da babur.

Na bar ƙofar Kawu a ƙarshe. Na iske shi yana gyaran fatsa a bakin ruwa. Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi mahaifiyata da kowa na gida har da akuyarta mai ciki. Labarin aikina ya riga ni isowa, don haka bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ya cire hularsa ya tara mini, ina kwance ƙusoshin rediyon ina zubawa a ciki don kada su faɗa ƙasa.

"To, Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata tun ina sakandare, "in ka gama, wa za shi ji ni?"

"Ofis kaɗai, Kawu."

"Su maƙeri hwa?"

"Ba za su ji ba."

"Ni ma ba ni jin su?"

"Ba ka ji, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Da na ɗaure murfin na ce ya gwada. Ya danna ya yi sallama, akawu ya amsa daga Mafara. Kawu ya fara gaishe shi, yana cikin tambayar gajiya rediyon ya yi ƙit ya yanke. Ya dubi abin maganar a hannunsa, ya rataye shi.

"Yaron ga na ohis ba shi da laihi," ya ce, "amma ban san ubanai ba. Mi zan tambaye shi?"

Ina tattara kayana sai wata 'yar jar fitila a fuskar rediyon ta kama, ta ɗan jima ta mutu. Tun asali tana nan, aikinta ta nuna cewa wani yana kan tasha don kada a yi karo. Kawu ya nuna ta da haɓa.

"Wagga hwa?"

"Wani ne ke magana da ofis daga wata ƙofa."

"Kowa yad danna sai ta kama?"

"Sai ta kama, a kowace ƙofa."

"Ko bai ce komi ba?"

"Ko bai ce komai ba."

Ya ɗaure mini tarwaɗa a bayan babur ya ce in kai wa ƙanwarsa. Raina bai yi mini daɗi ba a hanya, na kuma ji haushin kowa, har da mai albasa.

Takardata ta yi fari fat da safe na ɗan lokaci. Farfesa ya ce an kashe masa bincike, ya koma aiko ni ƙofa-ƙofa ina danna maɓalli da kaina, aikin da ya cinye mini taya da ƙugu. Bayan kasuwar Talata ta ci sau biyu ko uku, sai na fara ganin wasu gajerun layuka a tsaye, sirara kamar haƙoran mataji, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Na duba tsawon kowanne. Na farko ƙofar ladan ce. Suka bi a jere har ɗan gajeren layin Kawu, sai na wanzami, sai na maƙeri wanda ya fi sauran ɗan kauri. Ashe a kasuwa da bakin direban Landiroba dattawan suka kitsa abinsu. Kowa zai zauna gaban rediyonsa bayan asuba yana kallon jar fitila, in ta kama ta mutu ya lissafa, in aka zo kansa ya danna ya saki.

Na nuna wa Baturen don kada ya ji a bakin wani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ba ya cin batir, ba ya tare hanya, a ƙyale su. Farfesa ya ce layukan sun yi gajarta, allura ba ta zama, ba su da amfani. Daga baya ya karanta takardarsa a wani taro aka yi masa tafi, kuma duk zanen da ke cikinta daga dogayen gaisuwar farko aka ciro shi. Kamfani ya sami wurin kafa eriyarsa a kan wani tudu. Ta fuskar masu shirin, kowa ya sami abin da ya zo nema.

Tazarar da ke tsakanin layukan ce ta tsaya mini a rai. Danna maɓalli bai fi ƙiftawar ido ba, me ke sa su jinkiri haka? Na tambayi Kawu wata rana da na kai masa batir.

"Ai gaisuwar ina yin ta da baki, duka, kamar dauri," ya ce. "In bi kowa, in tambaye shi abin da ad damunai. Dannawar don su san na ƙare ta."

"Ba wanda ke jin ka fa, Kawu."

"Sun san abin da nika cewa."

Daga nan duba layin Kawu ya zama abin da nake fara yi kullum kafin in cire hula. In na koma cin abincin rana mahaifiyata takan tambaya, in ce mata ya tashi lafiya. Ba ta taɓa tambayar yadda aka yi na sani ba. Ta ɗauka aikin jami'a ke nan, kuma a ganinta karatuna ya yi rana.

Ranar da abin ya faru lokacin sanyi ne, alkama ta fara fitar da kai. Na iso ɗakin hantsi bai yi ba, na ja takardar. Ga layin ladan, ga na waɗanda ke binsa, har wanda ke gaban Kawu. Daga nan fili. Can sai wanda ke gaban Kawun ya sake dannawa, aka jira, ya kuma dannawa. Wanzami bai taɓa nasa ba, tunda ba a zo kansa ba. A ƙarshen takardar kuma ga layin maƙeri, dogo har inda allon ke yankewa, ya sake tashi, ya sake yankewa. Ina tsaye allurar ta kuma ɗagawa. Na kunna lasifika.

"Ohis! Ohis! Ku tai ku duba mutumin ƙohwar gawo. Bai amsa ba."

Ba sallama, ba tambayar kwana. Ban taɓa jin maƙeri ya fara magana haka ba. Daidai nan akawu ya iso yana buɗe ofis. Na ce ya kira su duka ya ce ga ni nan na tafi, kowa ya bar tashar a sake har a ji daga can. Na hau babur.

Hanyar gefen magudana ce, na san kowane raminta. Na iske ƙofar bukkar a buɗe, buta a bakin ƙofa da sauran ruwa a ciki. Kawu yana zaune a kan buzunsa gaban rediyo, ya jingina da bango, mayafi a kafaɗa, carbi a cinyarsa. Ya yi sallarsa ya zauna jiran a zo kansa. Na taɓa hannunsa na ji sanyi. Na kwantar da shi, na shafe masa ido, na rufe shi da mayafin. Ban yi kuka ba a lokacin, abin da ke kaina shi ne a sanar da Damri, a sami mota.

Na ciro abin maganar daga maratayinsa na danna zan kira akawu. Na buɗe baki murya ta ƙi fita. Na saki maɓallin.

Ban yi tunanin fitila ba sai daga baya. Tun da akawu ya yi sanarwa ba wanda ya taɓa tashar, duk suna zaune sun zuba wa rediyo ido. Abin da suka gani shi ne ta kama ta mutu, gajere, yadda Kawu ke yi. Ina tsaye da abin maganar a hannu, shiru ya yi tsawo, sai jar fitilar ta kama ta mutu. Wanzami ke nan. Ya ga an zo kansa, ya bi kowa da baki a can bukkarsa, ya tambayi Kawu gwiwa, ƙila har da tsokanar ya makara, sannan ya danna.

Saura maƙeri. Na san tsawon gaisuwarsa, na san addu'ar da zai rufe da ita, na sha jin ta. Zan iya dannawa a lokacin in kira ofis, tashar a sake take. Na zauna a ƙasa kusa da Kawu na jira, don a wurinsu ba a shiga gaban mai bi. Ruwa yana ta wucewa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe. Da fitilar ta kama, ta ɗan daɗe kamar kullum, ta mutu, na ce amin.

Sannan na danna na ce wa akawu ya kira su duka ya faɗa musu.